Wane mataki kuke ajiye sauti kafin ku fara haɗa waƙa?

Daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin situdiyo. Kusan shekara biyu ke nan ina haɗa waƙa da manhajar FL Studio, kuma abin da ya fi damuna shi ne, da zarar na ɗora murya a kan kiɗa sai mitar babban layi, inda duk sautukan suke haɗuwa, ta koma ja, in sauke wannan in ɗaga wancan har in rasa inda na faro. Ina roƙon kowa ya faɗi yadda ya yi da wannan matsala.

Daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Na sha wannan wahala har ranar da wani dattijo da ya yi aikin rediyo tun zamanin kaset ya zauna kusa da ni, ya ce in cire hannuna daga feda, wato madannin ɗaga sauti da sauke shi, in fara daidaita ƙarfin kowane layi tun daga mashigarsa. Yanzu ina ajiye matsakaicin ƙarfin murya kusa da -18 dBFS, wato desibel 18 ƙasa da sifirin da sauti ke fara fashewa a kwamfuta, matakin da yawanci ake ɗauka daidai da sifiri a tsohuwar mita mai allura. Yawancin fulogin (ƙananan manhajojin gyaran sauti) da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori an tsara su ne a kan wannan mataki, shi ya sa idan aka cusa musu sauti mai zafi muryar take fitowa a daƙile.

Daga Maraɗi:
Malam, tawa ta fi taka ciwo, domin tun wajen ɗauka na yi ɓarnar. Na ɗaga ƙarfin makirfo don kada muryar ta yi ƙasa, mawaƙin ya zo amshi ya buɗe murya, sautin ya wuce sifiri ya fashe, kuma a ranar ya kama hanya. Babu fulogin da ya iya mayar da abin da ya yanke. Daga baya na gane tsorona bai da tushe, tunda ɗauka a 24-bit tana da faɗin kusan desibel 144 tsakanin sauti mafi ƙasa da mafi ƙarfi, ta 16-bit kuwa 96, saboda haka ko ƙololuwar murya ta tsaya a -10 babu hasara. A kalangu kuwa ƙololuwa nake kallo, domin dukansa gajere ne mai kaifi, mitar matsakaici ba ta kama shi.

Daga Jos:
Ina tare da ku, sai dai a yi hattara kada -18 ta zama farilla. Cikin manhaja lissafin 32-bit mai yawo (float) ake yi, wanda ke iya ɗaukar sautin da ya wuce sifiri, don haka jan da layi guda ya nuna ba ya fasa sauti, a mafita ne ake fashewa. Ni a can na ƙone: na fitar da waƙa dab da sifiri, da aka mayar da ita MP3 ta riƙa tsatsa a lasifikar waya. Tun daga nan nake tsayar da limita, wato abin da ke hana sauti wuce iyaka, a -1. Mai waƙa zai ce a ƙara mata ƙarfi, alhali manhajar sauraron waƙa ta Spotify kan daidaita waƙoƙi a kusan -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin waƙa gaba ɗaya a kunne.

Daga Kano:
Na gode ƙwarai. Na sauke kowane layi da desibel 8 a daren jiya, babban layi ya tsaya a -6, sai na ƙara ƙarar lasifikar ɗakin kawai. Gangar ce har yanzu take danne muryar amshi.