Neman shawara: VM huɗu na tada, ɗaya kaɗai HTCondor ke gani

Ɗalibi daga Dundaye: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min, mako 3 ya rage in nuna aiki. Ina son gwada grid ne, wato haɗa kwamfutoci su raba aikin lissafi, ba ni da injina da yawa, shi ya sa na tada VM huɗu (kwamfutocin kwaikwayo a cikin laftof ɗaya) cikin manhajar VirtualBox, na sa musu HTCondor, manhajar da ke raba aikin. Laftof ɗin Core i5 ce, RAM 8GB, Windows 10, faifan tsohon yayi ne mai juyawa, ta hannu ce amma batirinta na kai awa 2, na wanke fankarta saboda ƙura. Ubuntu Server 22.04 na sa a ta farko, na kwafe ta sau 3. Ɗaya ce shugaba, ɗaya ta tura aiki, biyu ma'aikata. In na buga condor_status, umarnin da ke lissafa injinan, inji ɗaya nake gani, wani lokaci ba ko ɗaya. Mi na ɓata?

Injiniyan Arkilla: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗi irin hanyar sadarwar da ka zaɓa ba, amma na san NAT ce, wadda VM ke fita intanet ta bayan laftof. A NAT kowace VM 10.0.2.15 take samu, kuma ba sa ganin juna. Ƙara wa kowacce katin sadarwa na biyu, host-only (mai haɗa VM ɗin da juna da laftof kaɗai), ka rubuta adireshi da hannu: 192.168.56.10 har .13. Sannan kwafin da ka yi ya ɗauko suna ɗaya da /etc/machine-id ɗaya. Sauya suna da hostnamectl, ka share abin da ke cikin machine-id ka sake kunnawa, ka sabunta MAC, lambar shaidar katin. A /etc/hosts cire layin 127.0.1.1, in ba haka ba inji zai riƙa tallata adireshin da babu mai isa gare shi. Sa CONDOR_HOST ya nuna shugaba, NETWORK_INTERFACE ya nuna katin host-only ɗin, ka buɗe ƙofa 9618. Kuma gaskiya bar Windows ɗin nan, sa Linux da KVM, abin tada VM na Linux.

Malama daga Runjin Sambo: A duba agogo ma. Yawancinmu in an ɗauke wuta sai mu adana VM yadda take, in an tada ta agogonta na baya. Takardar shaidar X.509, wadda injina ke tantance juna da ita, za ta ce lokacinta bai yi ba. Sa chrony mai daidaita agogo, ma'aikatan su ɗauki lokaci wurin shugaba.

Ɗan Mabera: Ni da Slurm za ka yi, wata manhajar raba aiki ce. Munge key ɗaya (mabuɗin tantancewa), ƙofa 6817 da 6818, shi ke nan. Abin da ke ɓata min rai, har yau ana ba ɗalibai takardun Globus Toolkit, tsohon kayan aikin grid, alhali masu shi sun daina kula da shi tun 2018.

Injiniyan Arkilla: Slurm na gungu ɗaya ne a wuri ɗaya. Grid sai an sami ɓangarori biyu masu shugabanci daban. Da HTCondor zai tada tafki biyu, wato rukunin injina biyu, ya haɗa su da FLOCK_TO da FLOCK_FROM. Kar a ruɗe yaro.

Ɗalibi daga Dundaye: Na gode ranka ya daɗe, amma Windows ba zan iya cirewa ba, a kanta nake rubutun. Kuma NAT ɗin don sauke manhaja na bar ta, ba kuskure ba ne. Na ƙara katin, yanzu biyu sun fito. Sai dai aiki ya tsaya a idle, yana jira bai tashi ba.

Malama daga Runjin Sambo: RAM nawa ka ba kowacce? Windows kaɗai na cin kusan 3GB. In ma'aikaci na da 1GB kai kuma ka rubuta request_memory 2GB, aikin ba zai taɓa tashi ba. Buga condor_q -better-analyze ka turo mana. Haɗa shugaba da mai turawa a VM ɗaya, su zama 3, ka ƙara wa ma'aikatan.

Injiniyan Arkilla: Faifan ne ciwon. VM huɗu kan faifai mai juyawa, ga zafin Afrilu na Sakkwato sama da digiri 40, injin zai rage gudu da kansa. Sai SSD, faifai mai sauri marar juyawa. Kuma kar ka auna sauri a wanga tsari ka rubuta a matsayin sakamako, duka VM ɗin kwakwalwa ɗaya suke rabawa.

Ɗalibi daga Dundaye: Huɗu na rubuta a babi na 3, an riga an sa hannu, ba zan mayar 3 ba. SSD kuma babu kuɗinta yanzu. An ɗauke wuta, in ta dawo zan turo abin da umarnin ya nuna. Ba wata hanya da huɗun za su yi a 8GB?