"In samfur ya kai 30, an gama magana": muhawarar malaman ƙididdiga

Malamin lissafi: Jama'a, ga abin da nake so mu warware. A darasin ƙididdiga na AP Statistics da ake yi a manyan ajujuwan sakandaren Amurka, wanda hukumar jarrabawa ta College Board ta fara jarrabawarsa a 1997, ana gaya wa yara cewa in samfur, wato adadin da aka ɗebo daga cikin jama'a don a auna, ya kai 30 za su iya lissafin matsakaici da tazarar amincewa, wato iyakoki biyu da ake sa ran amsar gaskiya tana tsakaninsu, ba fargaba. Ni na ce wannan ƙa'ida ta wadatar. Ɗan shekara 17 yana buƙatar lamba guda da zai riƙe, kuma masu gyaran jarrabawa suna karɓarta.

Malamar ƙididdiga: Malam, suna karɓa, amma a wuri ɗaya tak: matsakaici. Yara kuwa ko'ina suke liƙa ta. Ɗauki injin da ke fitar da kaya 2 marasa kyau cikin 100. Ka ɗebo 30. Yiwuwar ba za ka ga ko ɗaya marar kyau ba ita ce 0.98 a ninka da kanta sau 30, kusan kashi 55 cikin 100. To fiye da rabin lokaci yaro zai samu sifili, tazararsa ta zama daga sifili zuwa sifili, ya rubuta cewa injin ba ya kuskure. Shi ya sa sharaɗin kaso daban yake: in n ne girman samfur, p kuma kason abin da ake nema, n sau p ya kai 10, n sau (1−p) ma ya kai 10. A wannan injin sai samfur ya kai 500.

Malamin lissafi: Na yarda, Malama, amma wannan kuskuren yaro ne, ba na ƙa'idar ba.

Mai gyaran jarrabawa: Ko a matsakaicin ma akwai rami, Malam. Jimlar da ta fi cinye wa yara maki ita ce: "tunda n ya kai 30, bayanan sun zama siffar ƙararrawa." Wato zane mai tudu a tsakiya da ke sauka daidai a gefe biyu. Ba su zama ba. In albashin mutanen gari ya karkata gefe guda, ko mutum 3,000 ka ɗebo a karkace za ka gan shi. Abin da ke ɗaukar siffar ƙararrawa shi ne tarin matsakaitan da za ka samu in ka yi ta ɗibar samfura. Yaron da ya haddace 30 kawai ba ya bambance abu uku: jama'ar da aka ɗebo daga cikinta, samfurin da ke hannunsa, da tarin matsakaitan.

Malamar ƙididdiga: Maganinsa kuwa darasi ɗaya ne. A tara kwabban Amurka kamar 500 cikin bokiti, kowanne da shekarar bugunsa a jiki. A zana a allo yawan shekarun da kowanne ya yi tun bugunsa: sababbi jingim, tsofaffi ƙalilan, wutsiya ta miƙe dama. Sai kowane yaro ya ɗebi 5 ido rufe, ya fitar da matsakaici, ya ɗiga a allo, ya mayar, a motsa bokitin sosai. A sake da 10, sannan 25. Inda ake ɓata aikin shi ne rashin mayarwa da rashin motsawa, da barin yara su zaɓi masu ƙyalli. In an yi daidai, da idonsu za su ga tarin yana tsukewa yana daidaita sannu a hankali. Babu wani abin mamaki da ke faruwa tsakanin 29 da 30.

Malamin lissafi: To daga ina 30 ɗin ta fito, in ba ta da tushe?

Malamin jami'a: Tana da ɗan tushe. William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, shi ya fitar da lissafin t a 1908 saboda ƙananan samfura; t da z lambobi ne da ake ninkawa da su don a fitar da faɗin tazarar amincewa, z ta manyan samfura ce. Don amincewar kashi 95, samfur 10 yana buƙatar 2.262, samfur 30 kuma 2.045, alhali z tana 1.96. Wato a 30 bambancin ya ragu zuwa kusan kashi 4 cikin 100, masu aiki da teburin lambobi da fensir suka ce ya isa. Amma wannan maganar t da z ce, ba ta ce komai kan karkata ba. Da ɗan ludo mai fuska shida, samfur 5 ma ya fara siffar ƙararrawa. Da kuɗin da kamfanin inshora ke biya, inda yawanci sifili ne sai jefi-jefi a samu miliyoyi, 30 wasa ne.

Mai gyaran jarrabawa: Ku ƙara da sharaɗin kashi 10: in ba a mayarwa, kada samfur ya wuce kashi 10 cikin 100 na jama'ar. Makaranta mai ɗalibai 200, ka ɗebi 30 ba mayarwa, ka ci kashi 15. Ma'aunin kuskurenka, wato kiyasin yadda matsakaicin samfur ke kauce wa na gaskiya, zai fi na gaskiya girma da kusan kashi 8.

Malamar ƙididdiga: Duk wannan ma bayan yadda aka ɗebo ne. A 1936 mujallar Literary Digest ta tara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasar Amurka. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen an samo su ne daga irin su littafin tarho da rajistar motoci, kuma yawancin waɗanda aka aika wa ba su amsa ba.

Malamin lissafi: Ban sauka gaba ɗaya ba. Lokacin jarrabawa a ƙayyade yake, yaro ba zai kafa bokitin kwabbai a zauren jarrabawa ba. Zan ci gaba da koyar da 30, sai dai zan jinkirta ta har bayan darasin bokiti, kuma duk wanda ya rubuta ta sai ya faɗi abin da ya zama siffar ƙararrawar.

Mai gyaran jarrabawa: In kuma samfur bai kai 30 ba, ya zana hoton bayanan a takardar amsa, kada ya bar shi cikin kalkuleta. Ya rubuta cewa babu karkata mai tsanani, babu lambar da ta yi nisa da 'yan'uwanta. Wanda ya ce "na duba" bai zana ba, ana rage masa maki.