In ɗaure in tafi Zariya, ko in nemi aro ta laburarenmu?

Ummu Hanif: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin Tarihi a nan Sakkwato, saura mako shida in gabatar da tsarin bincikena. Abu uku suka tsaya mini a rai: kundin digiri na uku da aka rubuta a ABU Zariya farkon shekarun 1980, wanda aka ce yana Laburaren Kashim Ibrahim, wata muƙala a mujallar Kano Studies ta shekarun 1970, sai wani littafi bugun Landan da babu shi a laburarenmu. Ina da goyo, hanyar Gusau zuwa Funtuwa kuma kowa ya san halin da take ciki. In cike takardar neman aro daga wani laburare in jira, ko in tafi da kaina? Wanne ya fi sauri, kuma nawa zan tanada?

Dakta Mai Magani: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, an wuce zamanin wannan wahala. Je sashen intanet na laburarenku ki ce a ba ki sunan shiga da kalmar sirri ta Research4Life, shirin da ke buɗe wa jami'o'i mujallun bincike ta intanet. Hinari, ɗaya daga cikin rumbunansa, ita kaɗai tana da dubban mujallu, ki sauke abin da kike so a zaune.

Malam Katalog: Dakta, Hinari ta fannin lafiya ce, ita kuwa Tarihi take yi. Malama, ki raba abubuwan nan uku, don kowanne da ƙofarsa.

Kundin digiri ba ya fita aro. A mafi yawan jami'o'i kwafi ɗaya ne a sashen da ake kulle su, a nan ake karantawa a mayar. Fara duba Kubanni, rumbun ABU na intanet, ki nema da sunan marubucin, in bai fito ba ki gwada da kalmomi biyu daga taken. In babu, jami'in sashen bincike na laburarenku ne zai rubuta wa takwaransa na can ya nemi a ɗauko miki hoton babin da kike buƙata. Ki fara neman shafin ƙunshiya da jerin manazarta, daga nan ki zaɓi babi. Wanda ya ce a kwafo masa kundi sukutum yawanci ko amsa ba ya samu.

Muƙalar ita ce mai sauƙi, da sharaɗin ki rubuta bayananta cif: marubuci, take, juzu'i, fitowa ta nawa, shekara, shafi daga nan zuwa nan, da inda kika ga an ambace ta. Yawancin buƙatun da ke mutuwa a tebur a nan suke mutuwa. Ɗalibi ya kwafo shekara daga wani kundi da shi ma ya yi kuskure, a je kantar littattafai a duba a rasa, a rubuto "ba a samu ba". Tunda mujallar ta Kano ce, Jami'ar Bayero za a fara tuntuɓa, sai Arewa House, cibiyar binciken tarihi a Kaduna.

Littafin kuma ki sa takensa a WorldCat, katalog ɗin intanet na laburarorin duniya, ki ga su wa ke da shi, amma ki sani laburarorinmu da yawa ba su zuba kayansu a ciki ba, don haka rashin ganinsa ba ya nufin babu shi a Ibadan ko Zariya.

Baba Mai Ritaya: Katalog ya faɗi gaskiya, amma littafin nan ki cire rai da zuwansa a hannu. Bari ku ji abin da ya sa laburarori suka daina sakin littafi. A wata jami'a da ba zan kama suna ba, an aro wa wani babban malami littafi mai juzu'i biyu daga wata jami'ar Kudu, wa'adin mako huɗu. Ƙa'ida ita ce littafin aro ba ya barin ɗakin karatu, amma mutumin yana da girma, aka bar shi ya tafi da shi ofis. Wa'adi ya cika, aka rubuta tunatarwa ta farko, ta biyu, ta uku. Ashe ya tafi hutun shekara wata ƙasa, ofis a kulle. Da ya dawo juzu'i na biyu ya yi ɓatan dabo. Masu littafin suka aiko da takardar biya: kuɗin littafi da kuɗin sake shigar da shi kundin rajista, littafin kuwa an daina buga shi. Wa aka kama? Ƙaramin ma'aikacin da ya sa hannu a takardar karɓa. Aka yi ta yankar albashinsa, aka sa takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, ƙarin girmansa ya tsaya. Shi malamin ko kira ba a yi masa ba. Waccan jami'ar ta rufe ƙofar aro, ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba suka sha ukuba shekara da shekaru. Yaron nan har ya bar aiki bai warware ba. Allah ya isar masa.

Hajiya Rabi: Innalillahi. Baba, ai laifin na shugaban laburaren ne. Takardar aro tsakanin hukuma da hukuma take, shi ya kamata ya sa hannu, kuma a ɗaura bashin a kan takardar sallamar malamin. Ba a sallamar kowa zuwa hutun shekara sai laburare ya buga hatimi.

Baba Mai Ritaya: A takarda haka ne, Hajiya. Ki nuna mini akawun da zai hana farfesa hatimi.

Abbati: Kafin littafin ya iso daga Landan ai an yaye Hanif, har ya fara zuwa Islamiyya da allonsa.

Ummu Hanif: Allah ya shirye ka, Abbati. Don Allah maganar kuɗin fa?

Ɗan Samaru: Yaya, kwafi naira 30 ne shafi. Babi mai shafi 60 bai kai dubu biyu ba. Ki samu ɗalibi ya shiga ya ɗauka miki da waya ma, kyauta.

Hajiya Rabi: Naira 30 a wace shekara? Da tsadar takarda da man janareto, 50 ake karɓa, sikanin kuma har 100. Ɗauka da waya a sashen kundaye ba da izini ba kuwa, in aka kama yaro katinsa za a karɓe. Kada ki jefa ɗan mutane a matsala.

Dakta Mai Magani: Ku dai kuna maganar canji. Muƙala ɗaya a shafin kamfanin bugawa dala 35 zuwa 40 ce.

Malam Katalog: Wannan farashin na wanda ya saya kai tsaye ne, Dakta. Tsakanin laburarori akwai takardar biya ta IFLA, ƙungiyar laburarori ta duniya, cikakkiya yuro 8, rabi yuro 4, kuma laburare ne ke saye, ba ɗalibi ba. Akwai kuma RSCVD, tsarin sa-kai da IFLA ta fara a 2020 lokacin korona, inda ma'aikatan laburare na ƙasashe daban-daban ke aiko wa juna hoton muƙala ko babi ba ko kwabo. Ma'aikaci ne ke cike buƙatar a madadin mai karatu. Don haka, Malama, duba ƙunshiyar littafin Landan ɗin, ki zaɓi babi ɗaya, ki kai wa jami'inku lambar shaidar littafin, wato ISBN, da shafuka. Abin da ke cin kuɗi shi ne aiko littafin kansa: kuɗin masinja zuwa da dawowa da inshora na iya fin kuɗin tsohon kwafi a kasuwa.

Dakta Mai Magani: Na duba ɗalibai da yawa, ban ga wanda wannan hanya ta fitar ba. Sufabaiza ya kira abokinsa a Zariya, gobe kaya sun iso ta WhatsApp.

Malam Katalog: Wanda sufabaizansa ba shi da aboki fa? Kuma irin wannan kwafin ne ke zuwa ba shafin take, ba shekara, gefen rubutu a yanke. Ranar kare aiki mai jarrabawa na waje ya tambayi lambar shafi, ɗalibi ya yi tsuru-tsuru. Duk wanda zai ɗauko miki, ki ce ya haɗa da bangon gaba da shafin da ke bayansa, ya buɗe littafin sosai don kada tsakiya ta yi duhu.

Baba Mai Ritaya: Ku yaran yanzu kun san manhaja, amma ba ku san kanta ba. Ranar da za a buɗe juzu'in a tarar an yage muƙalar da reza, sai ku gane.

Hajiya Rabi: Ranka ya daɗe, wanda ke kan kujera yau shi ya san abin da ke aiki yau. Malama, in har tafiyar ta kama, kada ki taka ba takardar gabatarwa daga shugaban laburarenku, mai hatimi, da katin ɗaliba. Ta shugaban sashe kaɗai ba ko'ina ake karɓa ba. Ki kira tukuna ki tabbatar kundin yana kan kanta, ba a wajen ɗinki ba.

Ɗan Samaru: Tsofaffin mujallu ma da sauƙi, an ɗinke su an jera. Na yanzu ne bala'i. Sashe ya buga mujalla, a karɓi kuɗi wajen marubuta, a raba wa kowa kwafi biyu na neman ƙarin girma, laburaren jami'ar da ke taku ɗari daga ofishin edita ko ɗaya bai samu ba.

Malam Katalog: Wannan ita ce cutar. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai bugawa mai zaman kansa ya kai wa Laburaren Ƙasa kwafi 3, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. Editoci nawa ke yi? Buƙata ta zo daga wata jami'a ana neman muƙalar da aka buga a harabarmu shekara biyar da suka wuce, sai mu shiga bin ofis-ofis muna roƙon marubucin ya ara mana nasa.

Hajiya Rabi: Kwamitin ƙarin girma ne zai gyara. A ce ba za a ƙirga muƙala ba sai da shaidar laburare cewa an ajiye kwafi biyu na mujallar, ɗaya a kanta ɗaya a rumbun intanet.

Dakta Mai Magani: A'a, Hajiya, kada a ƙara wa malami wani layin. Edita ne ya karɓi kuɗi, shi za a kama. Kuma a fara gaya mana ina kwafin kundayen da ake tilasta wa kowane ɗalibi ya ɗinka da baƙin bango suke tafiya, tunda a wasu sassan a ƙasa suke jibge a bayan ƙofar sakatare, gara na ci.