Neman shawara: shiga Kamaru ta ruwa daga Kalaba, ga tsohuwa ga yaro ga kaya

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanyar ruwa zuwa Kamaru. Yayana yana zaune a Duwala, unguwar New Bell, zai aurar da 'yarsa bayan sallah, kuma ni aka ɗora wa kai Hajiyarmu. Akwai ɗansa mai shekara 9 da ke karatu a hannunmu a Kano, ya ce a taho masa da shi. Ina da harka a Aba, shi ya sa muka tsayar da cewa daga can mu wuce Kalaba mu hau jirgin ruwa zuwa Tiko ko Limbe, sannan mu shiga mota zuwa Duwala.

Ni da Hajiya muna da fasfo, yaron ne ba shi da shi, sai takardar haihuwarsa ta can. Zan kuma riƙe shadda da atamfa da huluna, wasu na biki, wasu na sayarwa. Me ake tambaya idan an sauka? Ana buƙatar biza? Yaya ake yi da kwastan? Wani kuma ya ce mini in bar babban jirgi in bi ƙananan kwale-kwale masu inji ta wajen Oron, wai sun fi araha kuma babu mai tambayar takarda. Ku taimaka mini, Allah ya saka da alheri.

Alhajin Bogobiri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sanya alheri a bikin. Zan fara da maganarka ta ƙarshe, don ita ta fi tayar mini da hankali. Wanda ya ce maka babu mai tambayar takarda, a bakin ruwa kawai yake nufi. Daga inda aka ajiye ku har Duwala shingaye ne a hanya, ga 'yan sanda ga jandarma ga sojoji, kuma abin da za su fara buɗewa shi ne shafin da aka buga maka hatimin shiga. Idan babu shi, fasfonka ko sabo ne fil ba zai cece ka ba, kai wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya ne a wurinsu. Ranar komawa ma maganar za ta sake tasowa, domin mai buga hatimin fita sai ya nemi na shiga tukuna. Yankin da za ku sauka kuwa yana cikin rikici tun wajen 2016, ba wurin da baƙo zai yi yawo ba shaida ba ne.

Biza ba ka buƙata. Mai fasfon Najeriya yana shiga Kamaru ya zauna har kwana 90, saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu. Sai dai ka sani Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne. Yadda mutanenmu suka saba shiga Kwatano ko Lome da 'yar ƙaramar takarda, kada ka ɗauka haka abin yake a nan. Fasfo na sosai za ka riƙe, ka kuma duba na Hajiya yau ɗin nan, ka ga ko yana da sauran aƙalla wata shida. Tsofaffinmu da yawa tun dawowarsu Umra ba a sake buɗe fasfonsu ba.

A Kalaba jami'an shige da fice za su buga muku hatimin fita, 'yan NDLEA, masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi, za su duba jaka, ga kwastan, ga ma'aikatan lafiya. Ka tsaya ka ga an rubuta sunayenku ku ukun a takardar fasinjoji, kowa daidai da yadda yake a fasfonsa. Idan aka karɓi fasfo a dunƙule a cikin jirgi don a kai wa jami'ai, ka lura da wanda ya karɓa, in an dawo da su kuma kada ka cusa aljihu ka wuce. Buɗe ka ga hatimin da idonka, ka ga kwanan wata ya fito. Gyara yana da sauƙi kana tsaye a gaban teburin, amma in ka yi nisa ya zama wani aiki.

Maman Sadiq, Tiko:
Alhaji ya gama magana kan fasfo. Ni katin rigakafin zazzaɓin shawara zan tuna maka, wannan mai ruwan ɗorawa. Kamaru ba ta wasa da shi, kuma ku ukun kowa sai da nasa, har yaron. Ka je ofishin lafiya na masu tafiya ƙasashen waje a yi muku allurar, a ba ku katin gwamnati mai lambar da ake dubawa a na'ura. Kada ka saya a hannun ɗan kamasho a bakin tasha. Kuma katin ba ya fara aiki sai allura ta kwana 10, don haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Wanda aka taɓa yi wa kuma katinsa na nan, ba sai an sake ba, tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta mayar da ita sau ɗaya har ƙarshen rayuwa. Da yake Hajiya ta manyanta, a gaya wa likita shekarunta da ciwon da take fama da shi kafin a yi mata, shi zai ce a yi ko ya rubuta mata takardar uzuri.

In tana shan magani, na hawan jini ne ko na suga, a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar asibiti. Kada a juye ƙwayoyi cikin leda don rage kaya, nan ne ake shiga dogon bayani. Tramadol da ire-irensa kuwa ko saƙo aka ba ka, ka ce a'a. Kai, duk ƙunshin da wani zai ce ka riƙe masa a tasha, ko ya haɗa ka da Allah, kada ka karɓa sai ka kwance ka gani.

Don Allah kuma kada ka ɗora dattijuwa a kwale-kwale. Ruwan wajen Bakassi zuwa Idenau ba kogi ba ne, teku ce, da damina kuwa sai wanda ya gani. Babban jirgin ma sai an yi hattara, a watan Agustan 2019 wani da ya taso daga Kalaba zuwa Tiko ya kife, aka rasa rayuka. Kuna shiga ka nemi rigunan ceto naku, in ka ga lodi ya wuce hankali ka haƙura ka jira na gaba.

Sarkin Tafiya:
Ni dai gani nake ana tsorata bawan Allah. Ka canza kuɗi, ka tanadi 'yan dubu-dubu da ɗari biyar-biyar na sefa a aljihun gaba, duk inda aka tsayar da kai ka miƙa. Haka kowa yake wucewa, da takarda da babu.

Alhajin Bogobiri:
Ba na musun ana roƙo a hanya, kowa ya san da haka. Amma akwai bambanci tsakanin mai cikakkun takardu da wanda ba shi da su. Na farko in ya ce ba shi da abin bayarwa, iyaka a ɓata masa lokaci a sake shi. Na biyu ba shi da bakin magana, abin da aka yanka masa shi zai biya, a shinge na gaba a sake yanka masa, in kuma ya gamu da wanda ba ya karɓa sai ofis. Kai kaɗai da jakarka kana iya jurewa. Wannan bawan Allah kuwa da mahaifiyarsa yake tafe da ɗan mutane.

Malama Uwar Marayu:
Maganar yaron nake jira a taɓo, don a ganina ita ce mafi nauyi a cikin tambayoyinka, kai kuma ka saka ta a tsakiya kamar ƙarama. Takardar haihuwa ba takardar tafiya ba ce. Gaɓar Kalaba da Oron ta yi ƙaurin suna wajen fataucin yara zuwa Gabon da maƙwabtanta, saboda haka duk babban da aka gani da yaron da ba nasa ba sai an tsare shi da tambaya, kuma gaskiyar jami'an ne. Kai ka san ɗan yayanka ne, su ba su sani ba.

Ka nema masa fasfon Najeriya tun kuna Kano. Za a buƙaci lambar NIN tasa, da takardar haihuwa, da wasiƙar amincewar iyaye. Yayanka ya rubuto wata wasiƙar daban cewa ya yarda kai wane, mai fasfo lamba kaza, ka kawo masa ɗansa wane, ya sa hannu, ya haɗo da hoton fasfonsa da na katin zamansa na Kamaru da lambar wayarsa. Akwai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Duwala, akwai kuma a Buea, in ya samu aka buga wa wasiƙar hatimi a can ta ƙara ƙarfi. Ka sa yaron ya haddace cikakken sunan mahaifinsa da unguwarsu, don ana iya janye shi gefe a tambaye shi shi kaɗai. In fasfon bai fito kafin biki ba, ka bar shi a Kano. Na san ba daɗi, amma ya fi a raba ku a tasha yana kuka.

Ɗan Kwari:
Malama na gode, wallahi maganar ta shige ni. Gobe in sha Allahu zan fara neman fasfon. Saura batun kaya, ko akwai wanda ya san kan duwan ɗin can, wato kwastan?

Na Bakin Tasha, Duwala:
Ɗan'uwa, aikina ke nan. Abu na farko, raba kayan tun daga gida. Na sawa da na biki a akwati ɗaya, na sayarwa a ƙunshi daban. Idan ka cakuɗa su, jami'in duwan zai ɗauki duka a matsayin haja. Atamfa turmi biyu ko uku kala daban-daban a akwatin Hajiya, kowa ya san tsaraba ce. Turmi ashirin iri ɗaya a cikin ledarsu kuwa, ko me za ka ce, kasuwa ce.

Harajin shigo da kaya a ƙasashen nan mataki-mataki ne, kayan sawa da aka gama kuma suna can sama. A kan wannan ake ɗora harajin saye na kashi 19.25 cikin ɗari. In aka bi lissafin a kan kayan da ke matakin sama, abin da za ka biya yakan haura rabin kuɗin kayan. Ka yi wannan lissafin kana Kano, ka ga ko ribar za ta fitar da kai, kada sai an sauke kaya a gabanka ka fara zufa. Inda ake jayayya shi ne ƙimar da za a yi wa kayan, shi ya sa rasit ɗin shagon da ka saya yake da amfani. In ba ka da shi, su za su yanka kuɗin da kansu.

Duk abin da ka biya, a ba ka rasit na hukuma mai hatimi, wanda aka rubuta irin kayan da yawansu. Za ka haɗu da masu cewa kawo rabi mu fitar maka ba takarda. A ƙofar tasha za ka ga kamar ka ci riba, amma akwai 'yan duwan masu sintiri a hanyar Duwala, in suka buɗe but suka ga haja ba rasit, ana iya kama kayan gaba ɗaya a kuma ci ka tara. In kayan suna da yawa, yayanka ya samo maka wakilin fitar da kaya wanda 'yan kasuwarmu suka sani, ya tarye ku. 'Yan dako kuma ku yi ciniki kafin su ɗora hannu a kan jaka, ka ƙirga ƙunshinka a jirgi, ka sake ƙirgawa a ƙasa.

Kuɗi kuma, sefar nan daban take da ta Nijar da Benin. Darajarsu ɗaya a kan yuro, amma takardun ba ɗaya ba ne, mai mota a Tiko ba zai karɓi ta yamma ba. Ka gaya wa ɗan canji a Bogobiri, unguwar Hausawa a Kalaba, ta Kamaru kake so. In abin da ke jikinka ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinta, dokar Najeriya ta ce ka bayyana wa kwastan kafin ka fita, nan ma in ka sauka da kuɗi mai yawa ka faɗa a rubuta.

Baban Nana, Maraɗi:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Mu masu fasfon Nijar ma haka muke shiga ba biza?

Na Bakin Tasha, Duwala:
A'a Baban Nana, wancan sassaucin bai haɗa da fasfon Nijar ba. Kai sai ka nemi biza, kuma tun 2023 ta intanet ake cike neman. Ka same ta kafin ka hau jirgi, kada ka dogara da cewa za a daidaita a bakin ruwa.

Maman Sadiq, Tiko:
Na manta abu ɗaya mai muhimmanci. Ka kauce wa sauka ranar Litinin. A yankunan nan biyu masu magana da Ingilishi an daɗe ana zaman gida dole duk Litinin, motoci suna ƙaranci, wasu hanyoyin ba a bin su sam. Ka je tasha da kanka a Kalaba ka tabbatar da ranar tashi da wurin sauka kafin ka biya, don Tiko da Limbe da Idenau ba nisansu ɗaya da Duwala ba, Tiko ta fi kusa. In an gama da ku yamma ta yi, ku kwana, akwai 'yan'uwa a nan, da safe ku kama hanya. Ka rubuta lambar yayanka da adireshinsa a takarda, domin jami'i zai tambaye ka wurin wa za ka, layinka na Najeriya kuma ba lallai ya kama ba a lokacin.

Ɗan Kwari:
Allah ya biya ku da aljanna baki ɗaya. Na kira Yaya yanzu, ya ce zai shirya wasiƙar ya kai ofishin jakadanci, kuma shi da kansa zai zo Tiko ya tarye mu. Maganar kwale-kwale na ajiye ta. Kayan sayarwa zan rage su, huluna da 'yar shadda kawai zan ɗauka, da rasit ɗinsu. Hajiya na duba nata fasfon, saura wata huɗu ya ƙare, don haka za a sabunta shi lokacin da ake neman na yaron. Maman Sadiq, in mun tsayar da rana zan yi miki magana ta gefe kan masauki.