Musayar Baitoci: Wa Ya Kashe Edith?

Malam Habibu:
Jama'a, mun kammala *Beware of Pity*, littafin Stefan Zweig na 1939. Kowa ya amsa da baiti. Wanda bai kai ƙarshe ba ya yi haƙuri, za a tona komai.

Laftanar Hofmiller, sojan doki a Ostiriya,
Aka gayyace shi liyafa gidan masu dukiya,
Bayan an ci ya ce wa Edith, 'yar gidan, "Taso mu yi rawa,"
Bai san ƙafafunta ba sa takawa.

Ta fashe da kuka, ya fice a guje,
Washegari furanni, daga nan kullum sai ya je,
Shi bashin kunya yake biya, ita so take gani,
To laifin wa? Ku ba ni bayani.

Binta:
Malam, a yi wa yaron nan adalci,
Shekara 25, ga ƙuruciya ga talauci,
Tsoho Kekesfalva, uban Edith, na bin sa yana kuka,
Wa zai ce a'a ga uban da ya ƙasƙantar da kai haka?

Aminu:
Yaya Binta, wannan uzuri bai karɓu ba,
Condor, likitan Edith, bai ce an samu magani ba,
Hofmiller ne ya ƙara gishiri don tsoho ya yi murmushi,
Ƙaryar da ya shuka ita ta tashi ta bi shi.

Daren baikonsa da Edith, bai kai ga shimfiɗarsa,
Ya shiga gidan shan kofi ya tarar da abokansa,
Suka tambaya, ya ce sam, babu wannan zance,
Don gudun dariyarsu, alkawari ya mance.

Zainab:
Kun tasa Hofmiller gaba, Edith kun bar ta a baya,
Ni a kan keke na karanta, shan-inna tun ina yarinya,
Na san muryar nan da ake sassautawa,
"Allah sarki" tun kafin a amsa gaisuwa.

Na je sayen atamfa, mai shago ya miƙo min sadaka,
Ban roƙe shi ba, kuɗina na cikin jaka,
Edith ba waliyiya ba ce, ga faɗa ga zafin rai,
Amma abu ɗaya ta nema: a so ta, ko a faɗa mata sarai.

Binta:
Zainab ƙanwata, kin sa jikina ya yi sanyi. Amma dai:

Kanal ɗinsa ya tura shi wani gari, a hanya ya yi nadama,
Ya aika saƙo: aurenta zan yi, kada ta yi tantama,
Ranar 28 ga Yuni, 1914, aka harbe yariman Ostiriya a Sarayebo,
Layukan waya suka toshe, ashe babu rabo.
Labarin musunsa ya riga isa, ta hau saman hasumiya,
Ta saki kanta. Ƙaddara ce, ba muguwar niyya.

Aminu:
Ƙaddara, Yaya? Ya tafi yaƙi neman mutuwa,
Ya dawo da lambar jarumta ta Maria Theresa ana ta tafawa,
Mutumin da bai ji tsoron harsashi ba,
Dariyar abokai ce bai iya tsaya mata ba.

Malam Habibu:
Aminu, sassauta. Mu duba ɗaya ɓangaren.

Tausayi iri biyu ne, in ji likita,
Akwai mai gaggawa, burinsa ya yakice damuwa ya huta,
Akwai mai haƙuri, da ke tsayawa har ƙarshe,
Condor ya auri makauniyar da ya kasa warkarwa, bai bar ta a yashe.

Zainab:
Malam, wannan auren ma ina da ja a kansa,
Mun ji bakin Condor, mun ji na masu yabonsa,
Matar da aka aura don an kasa dawo mata da idanu,
Wa ya tambaye ta ko so ne, ko biyan bashi, ya sa aka riƙe mata hannu?