Neman shawara: OR ya haura 40 a bincikena na rigakafi, ina matsalar take?

Ɗalibar MPH (digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina bincike kan rigakafin yara 'yan wata 12 zuwa 23. Na zaɓi unguwanni 30, yara 14 a kowace, jimla 420, na tattara bayanan da manhajar KoboCollect. Abin da nake aunawa shi ne ko yaro ya samu Penta 3, wato zagaye na uku na allurar rigakafin cututtuka biyar. Da na yi lojistik (logistic regression, lissafin gano abubuwan da ke da alaƙa da samun allurar) a manhajar SPSS, OR (odds ratio, ma'aunin ƙarfin alaƙa) na ilimin uwa ya haura 40, CI (tazarar da ake sa ran ainihin amsar na ciki) kuma ya miƙe daga 3 har ɗaruruwa. Malamin da ke duba aikina ya ce in gyara kafin ranar kare aikin a gaban masu jarrabawa. Don Allah ta ina zan fara?

Malamin ƙididdiga: Wa'alaikumus salam Malama. Ajiye lojistik tukuna, ki haɗa ilimin uwa da Penta 3 a Crosstabs, wato teburin da ke gwada tambayoyi biyu da juna. Da wuya ki rasa wani gida a teburin da ke da mutum ɗaya ko biyu, wataƙila mata masu ilimin gaba da sakandare da 'ya'yansu ba su samu allurar ba. OR rabawa ce, idan lambar ƙasa ta ƙanƙance dole amsa ta kumbura. Ki haɗe rukunan da hankali zai ɗauka, misali sakandare da abin da ya yi sama. Rukunin da ake gwada saura da shi ya zama mai yawan mutane. SPSS na ƙarshe yake ɗauka da kansa. In kina son na farko ki zaɓi First, kuma ki danna Change, in ba haka ba bai canza ba. In har gidan ya zauna babu kowa, sai hanyar Firth, wani nau'in lojistik da ke jure wannan matsalar: firthlogit a manhajar Stata, logistf a manhajar R.

Sannan ki ƙirga rukunin da ya fi ƙanƙanta a sakamakonki, ki raba da 10. Idan yara 90 ne ba su samu ba, kada ki wuce abubuwa kamar 9 a lissafin, kuma tambaya mai rukuni 4 gurbi 3 take ci.

Jami'ar tattara bayanai: 'Yar'uwa, kafin wannan ma ki gudanar da Frequencies a kan kowace tambaya. In kin sa 99 a madadin "ban sani ba" ba ki bayyana shi a Missing ba, SPSS ya ɗauke shi a matsayin rukuni ko shekarun uwa. Ki duba Case Processing Summary: duk yaron da amsa ɗaya ta ɓace masa, lojistik fitar da shi yake yi gaba ɗaya. Kuma ki ware waɗanda aka ga katinsu da waɗanda uwa ce ta faɗa da baki, masu jarrabawa suna yawan tambayar wannan.

Dakta: Abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba. Yaran unguwa ɗaya asibiti ɗaya suke zuwa, mai unguwa ɗaya suke saurara, don haka amsoshinsu suna kama da juna. Tasirin wannan tsari shi ne 1 + (m − 1) × ρ, inda m yake yawan yara a kowace unguwa, ρ kuma ma'aunin kamannin amsoshin 'yan unguwa ɗaya. Da yara 14, in muka ƙaddara ρ 0.1 ne, ya zama 2.3, wato 420 ɗinki ƙarfin kusan 183 gare su. Lojistik na yau da kullum bai san da haka ba, sai ya ba ki CI mai ƙunci da p ɗin (lambar da ake duba ingancin alaƙa da ita) da ya yi ƙasa fiye da gaskiya. Ki bi ta Complex Samples, ki sa unguwa a Clusters. Haka kuma idan abin da ake aunawa ya wuce 10 cikin 100, OR yana zuzuta alaƙa. Lissafin Poisson mai robust zai ba ki PR (prevalence ratio, wato ninki nawa abin ya fi yawa a wani rukuni kan wani), wanda ya fi sauƙin fassara.

Ɗalibar MPH: Allah ya saka da alheri. Dakta, SPSS ɗina babu Complex Samples.

Dakta: To ki duba Generalized Estimating Equations, ki sa unguwa a Subject variables. In babu shi, R kyauta ne: ki sauke kunshin survey, ki bayyana tsarin da svydesign, sannan svyglm. Duk wadda kika bi, ki rubuta ta a babi na uku tare da dalilin haɗe rukunan ilimi.