Allura zan canza ko garmahon gaba ɗaya?

Ɗan Babura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na gaji faifan garmaho kusan 40 a wurin mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Na sayo ƙaramin garmaho mai kama da akwati, amma allurar tsalle take yi, muryar kuma kamar daga cikin rijiya. Allura zan canza ko wani zan nema?

Baffa mai gyaran rediyo, Kazaure: Wa'alaikumus salam, ɗana. Amin. Ka ajiye shi tun yau. Irin waɗannan ba su da ƙarfen daidaita nauyi a bayan hannun da ke riƙe allura, allurar kan danne faifai da wajen giram 5, alhali mai kyau giram 2 ya ishe ta. Cin faifan take yi a hankali, abin da ta cinye kuma ba ya dawowa. Kada ka zuba masa ko sisi. In ka samu Technics SL-1200 MK2 a gwanjo, riƙe shi hannu biyu. Tun 1979 ya fito, ya haura kilo 10, ko yara na guje-guje a tsakar ɗaki allura ba ta motsi. Injin ne ke juya farantin da ake ɗora faifai kai tsaye, babu bel ɗin roba a tsakaninsu.

Na Gumel: Baffa, mai bel ma fa yana da daɗin murya. Nawa ɗan Ingila ne. Sai dai in na tada janareto, waƙa ta dinga ja tana saki.

Baffa: Ai injinsa da bugun wuta yake tafiya, 50 a daƙiƙa. Janareto na rawa, shi ma ya yi rawa. Ɗora shi kan sola mai inbata mai kyau. Ku kuma kula da kayan Amurka: 120 ce wutarsu, bugu 60. Ko ka sa tiransifoma, mai irin wannan injin a sanyaye zai juya.

Malama daga Ringim: Ƙanena, in kuɗin bai kai ba, duba Audio-Technica AT-LP120. Ni abin da ya fi sauya min sauti allura ce, zare tsohuwar kawai na yi na sa sabuwa, sai ga ƙarar kalangu ta fito tar. Sannan ƙurar hunturu: goge faifai da burushi mai laushi kafin ka ɗora. A tsaye ake jera su, nesa da rufin kwano, zafin bazara lanƙwasa su yake.

Ɗan Babura: Na gode Yaya. Akwai faifai guda 6 masu nauyi, an rubuta 78 a jiki.

Baffa: To ware su, da sun faɗi sun fashe, kuma allura mai kauri suke so. Juyi 78 a minti ke nan. MK2 33 da 45 kawai yake juyawa, wanda Malama ta faɗa yana da 78. Bi shawararta. In ka sayo, biyo shago bayan Juma'a in saita maka nauyin hannun.

Ɗan Babura: In sha Allahu, Baffa. Zan taho da faifai ɗaya mu gwada.